Cefanen Malam a Alƙahira

Na jima ina kewaye wannan babi. Na ba ku labarin Fammar inda aka haife ni, na ba ku na kawo ni Rano, har rigimar katangar maƙwabta na tsaya na ba ku, duk don kada in iso nan. To, ga shi na iso. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangin ubanku game da tafiyarmu Masar: wai kuɗin da jama'a suka tara don idon Malam, mahaifinku, ni na yi wadaƙa da su a kasuwannin Alƙahira, da abin ya zo min wuya kuma na sayar da gonar gadona na toshe ɓaraka. Babu wanda ya taɓa tarar fuskata da maganar a cikinku, kuma na gode da wannan kunya. Amma ina lura da yadda kuke sauya hira da zarar an ambaci Masar. Yanzu Malam yana makwancinsa, Allah ya jiƙansa, abin da nake ɓoye masa ba zai ƙara cutar da shi ba. Don haka ku ji yadda aka yi.

Sai kun fara sanin wata ɗabi'a ta ubanku, in ba haka ba sauran ba zai shiga kanku ba. Tun ranar da aka kai ni gidansa, kullum idan ya tashi karatun safe sai ya shigo da sallama, ya zura hannu a aljihu, ya ɗora min kuɗin cefane a tafin hannu, ya ce, ga na yau. Na yau ɗin kawai. Ko a shekarar da gyaɗa ta yi kyau, ko ranar da wani attajiri ya biya shi ladan rubutun Alƙur'ani, bai taɓa haɗa min na kwana biyu ba. Idan zai kwana a Saji wajen wata walima, sai ya bar na gobe a hannun ƙaninsa Sule, Baffanku, ya ce a miƙa min da safe. Ina amarya abin yana ba ni haushi, na ɗauka rowa ce ko rashin yarda. Wata rana na tsokane shi na ce ko tsoro yake kada in gudu Fammar da kuɗin kuka da daddawa.

"Hajara," in ji shi, "na gobe bai zama nawa ba tukuna, ko da yana cikin aljihuna."

Daga baya na saba, har na zo ina son abin. Gida yana da daɗi idan ka san da safe wani zai shigo ya nuna yana sane da kai.

Ciwon suga ne ya fara cinye masa idon hagu, a hankali, ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Sai da na ga yana zuba shayi a gefen kofi na gane. Da na dama ya ci gaba da rubutu, kuma kun san rubutun nan shi ke riƙe da gidan fiye da gona. Malam da ka yake rubuta Alƙur'ani, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa, daga Kano ma akan zo a yi layi. A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama kaka, na dama ya soma. Ya ce yana ganin baƙaƙen ƙudaje suna yawo a kan takarda, layin rubutu kuma yana lanƙwashewa. Likitocin Kano suka ce jini ne ke tsiyaya a can bayan idon, sai an yi aiki mai laushi, kuma kada a jima. Ɗaya daga cikinsu ya ba da shawarar Masar. Ni dai da na ji sunan, na tsorata, don iyakar tafiyata a duniya Kano ce, ita ma da rakiya.

Ba mu roƙi kowa ba, mutane ne suka tashi da kansu. Tsofaffin ɗalibansa na Lausu da Saji suka fitar da buhunan gyaɗa da masara. Wani Bafulatani da Malam ya karantar da 'ya'yansa ya kora rago kasuwa. Har wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta kwance bakin zanenta ta kawo abin da ke ciki. Sule ne ya tattara, tunda shi ɗan kasuwar hatsi ne, ya san banki. Ya zuba komai a asusun Malam, aka ba mu kati, aka ce da shi za mu biya asibiti, da shi kuma za mu riƙa cirar kuɗin ƙasar a injin bakin titi. A lokacin katin gida yana aiki a waje ba wata wahala. Wayar Malam kuwa aka bar ta wajen Sule, saboda iyayen yara ita suke kira. Babu wanda ya kawo a ransa cewa duk alat ɗin banki, saƙon da ke shigowa idan an taɓa kuɗi, a wannan wayar zai riƙa sauka, mu da muke can ba za mu ga komai ba.

Da muka sauka Alƙahira muka sami ɗaki a wani dogon bene da 'yan ƙasarmu ke sauka, ba nisa da asibitin. Likitan ya duba Malam ya girgiza kai. Ya ce suga ya hau, jini ya hau, ba zai taɓa idon ba sai sun sauka. Muka ɗauka zaman mako biyu ne, sai ga shi mun haura wata biyu. Garin kuwa ba ya shiru, motoci ba sa tsayawa mutum ya tsallaka, ni ga makaho a hannu, ga harshe ban iya ba. Malam yana da Larabcin littafi, amma nasu na titi gudu yake kamar ana korar sa, sai ya kama kai wutsiya ta kuɓuce. Kullum idan muka tsallaka titi lafiya sai na yi hamdala.

Washegarin saukarmu, da ya idar da lazimi, ya ce in kai shi wajen injin. Yana nan a kusurwar layinmu, jikin bango, kusa da mai sayar da gurasa. Wani mutum ya nuna mana yadda ake yi. Malam ya laluba ya danna lambar sirri da yatsansa, ni na danna adadin da ya faɗa tunda ni ke gani, injin ya yi wata tambaya, mutumin ya ce mu danna na dama, muka danna. Can ciki aka ji ƙarar ƙirga takardu, sai ga kuɗi sun leƙo. Malam ya zare su, ya shafa, ya nemo tafin hannuna.

"Ga na yau."

Na yi dariya har da ƙwalla, a tsakiyar titin mutane. Da muka koma ɗaki na ce masa, tunda titin nan abin tsoro ne, mu riƙa cirar na mako gaba ɗaya.

"A'a," ya ce. "Kuɗin nan na talakawa ne, don ido suka bayar. Abin da ke banki yana nan a tsare, in ya ragu a mayar wa masu shi. Wanda ya shigo aljihu kuwa sai an ga bayansa."

Wannan shi ne dalilin da ya faɗa. Akwai wanda bai faɗa ba, ni kuma na gani. Mutumin da ɗalibai ke rige-rigen ɗaukar masa takalmi, ga shi ni ke nemo masa takalmin, ni ke ja masa hannu zuwa banɗaki, ni ke ce masa ga loma nan. Abu ɗaya ya rage da zai yi a matsayinsa na maigida, shi ne wannan. Ban ƙara musu ba. Kullum da safe muka riƙa zuwa. Idan likita ya rubuta magani da rana, sai mu sake komawa, don a wajen Malam kuɗin magani daban, na abinci daban, ba a gwamutsa su. Kuɗin mota ma haka. Lissafi kuwa a kansa yake, mutumin da ya riƙe izu sittin ba ya buƙatar takarda. Yakan ce min, an ci kaza, saura kaza, na aiki yana nan ba a taɓa ba. Ni ma na yarda, don ban taɓa jin ya yi kuskuren lissafi ba.

Ana cikin haka Sule ya kira ni a 'yar wayar da muka saya a can. Kun san tsakanin mace da ƙanin mijinta wasa ne, ni da Sule kuwa tun yana saurayi muke tsokanar juna.

"Matar Yaya, an ce kin saye rabin Alƙahira. Ki rage wa mutanen garin ko ƙofar gari mana."

"Kai dai ka tanadi jakuna goma ka taro ni a filin jirgi," na ce masa.

Ya yi 'yar gajeriyar dariya. "To, a dai riƙa tunawa da masu gyaɗa."

Na kashe waya ina murmushi. Ashe shi yana can yana kallon kuɗi suna zuba kullum, fiye da abin da mutum biyu za su ci, ya rasa yadda zai tambayi matar wansa kai tsaye, sai ya naɗe tambayar cikin wasa. Ni kuma na karɓe ta a wasa. Da ya fito fili a ranar, da labarin nan bai kai a rubuta ba.

A benenmu akwai wata Hajiya Talatu, 'yar Kano, mai sarin dogayen riguna. Ta shekara da shekaru tana zuwa, Larabcinsu a bakinta kamar ruwa. Ita ke raka mu asibiti idan ta sami sarari. Ranar da likita ya ga suga da jini sun sauka, tana wajen. Ya ce a cikin makon nan za a yi aiki, don idon ya gaji da jira, jinin da ke baya yana ƙaruwa. Ya ja kunnenmu da kyau, ya ce kada a bari ransa ya ɓaci ko hankalinsa ya tashi, in jini ya sake hawa sai an koma farko, kuma ba ya jin idon zai jure wani jiran. Aka zaunar da Malam ana ɗiga masa magani, ya ba ni katin ya faɗa min lambar a kunne, ni da Hajiya Talatu muka sauka ƙasa wajen biya.

Mai karɓar kuɗi ta zura katin, na danna lambar. Ta dube ni ta sake zurawa. Ta sake. Sannan ta yi wa Hajiya Talatu magana ƙasa-ƙasa.

"Wai kuɗin bai kai ba," in ji Hajiya Talatu.

Na ce ba zai yiwu ba, Malam ya lissafa. Ta ja hannuna zuwa wani inji a bakin asibitin, ta tambaye shi abin da ya rage. Da ta ga adadin sai ta ce in faɗa mata yadda muke cirar kuɗi. Na faɗa mata, har ina ɗan alfahari da tsantsenin Malam. Ban gama ba ta dafe ƙirji.

"Kullum? Wani lokacin sau biyu, sau uku? Innalillahi. Baiwar Allah, ba wanda ya gaya muku? Duk zura katin nan da kuka yi, mai injin yana yankar nasa, ko kaɗan kuka cira ko da yawa, yankan ɗaya ne. Bankinku na gida shi ma ya yanki nasa don kun taɓa kuɗi a ƙasar waje. Tambayar nan kuma da kuke danna na dama, cewa yake ko kun yarda shi ya yi muku canji da farashinsa, farashinsa kuwa na zalunci ne. Ga naira tana ta faɗuwa tun zuwanku. Ai kuɗin gurasar da kuke cira, an kusa cin rabinsa a sama."

Ban san lokacin da na zauna a kan dakalin wajen ba. Na ji fitsari yana neman kuɓuce min, ni da girmana. Ba ɓarawo, ba wuta, ba wanda ya zalunce mu da za a kai ƙara. Da ƙafarmu muka riƙa zuwa kowace safiya muna miƙa idon Malam kaɗan-kaɗan, muna dawowa da murna. Abin da ya ɓace ba shi ne mafi yawan kuɗin ba, amma asibiti ba ya karɓar saura kaɗan. Na tuna tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, na tuna mutumin da ke sama a zaune, kansa a ɗage, magani na gangaro masa a kumatu, yana jiran in zo in ce an biya.

A kan matakalar asibitin na yanke shawara, kuma har yau ban yi nadama ba. Idan na faɗa masa, jininsa zai hau a take, aikin ya rushe. Ba ma wannan kaɗai ba. Zai tuna na ce mu ciri na mako ya ƙi. Na san ubanku, da zai iya yafe wa duk duniya, amma ba zai yafe wa kansa ya yi wasa da guminsu Lausu ba. Sule kuma ba zan iya kira ba, don kafin in ajiye waya zai nemi wansa. Na roƙi Hajiya Talatu ta roƙi likita ya rufa mana asiri. Na hau sama na ce wa Malam ɗakin aiki ya cika, an ɗaga mu zuwa wani makon.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ce.

Abin da na mallaka a duniya gona ce guda, ta bakin rafi a Fammar, wadda na gada wajen mahaifina. Ita nake cewa zan bar muku. Na kira wana, Kawunku Haladu, daga ɗakin Hajiya Talatu.

"Yaya, a sayar da ta bakin rafi. Yau in zai yiwu."

"Ke Hajara, kanki ɗaya? Gonar Baba? Ina kuɗin da aka tara?"

"Yaya, don girman Allah kada ka tambaye ni. Idon Malam ne."

Ya ce to.

Amma gona ba akuya ba ce da za a ja ta kasuwa. Sai an nemo mai saye, shi kuma da ya ji ana sauri sai ya kwantar da kai ya karya farashi. Sai an kira mai unguwa da shaidu, an zagaya iyaka. Da aka daidaita kuma, mutumin ya ce kuɗinsa na cikin hatsi, sai kasuwar Kibiya ta ci ya sayar. Kasuwar farko bai sayar ba, wai farashi bai yi masa ba. Ni ina can ina ƙirga ranakun kasuwar Kibiya a ƙasar Larabawa.

Abin da ya fi komai tsanani a kwanakin nan shi ne safiya. Malam bai san komai ba, don haka da ya idar da lazimi sai ya miƙo hannu, mu tafi wajen injin. Da can dariya nake a hanyar, yanzu kuwa kamar ana ja na mahauta. Na gwada cewa injin ya lalace, ya ce mu nemi wani, muka tsallaka manyan tituna biyu, wancan ɗin ma ashe yankansa ya fi. Na gwada cewa akwai ragowar jiya, ya ce ragowar jiya ta jiya ce. Na so in yi kamar na danna in ba shi kuɗin da na ranta wajen Hajiya Talatu, amma kunnensa na kan ƙarar ƙirgar nan, in bai ji ta ba ba zai yarda ba. Iyakar abin da na iya shi ne na daina danna na dama. Sauran kuwa da yatsana na ci gaba da yankar abin da ya rage, ina kallo, shi yana murmushi a gefena, ni ina karɓa da hannu biyu ina cewa Allah ya ƙara buɗi.

Idon kuma bai tsaya jiran kasuwar Kibiya ba. Wata rana da azahar, rana tsaka, taga a buɗe, muna zaune sai ya ce:

"Hajara, hadari ne ya taso?"

Na dubi sama, fes, ko gajimare babu. Na ce eh, Malam, hadari ne. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji, na yi kukan da ban taɓa yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Tsoro nake kada gari ya waye ya ce min dare ne. Tsoro nake ya ji muryata ta sauya ya gane. Ko tari ya yi sai gabana ya faɗi. Duk ƙarar waya sai na zabura, in ba Haladu ba ne in ji kamar in jefar da ita.

Da kuɗin gonar suka fito, Hajiya Talatu ta hana a zuba su a katin. Haladu ya kai wa yaranta na shago a Kano, ita kuma ta ƙirgo min kuɗin Masar a hannu, ba ta ci ko sisi ba, Allah ya saka mata. Aka yi aikin. Da aka kwance bandeji Malam ya ga hannunsa, ya ga fuskata, ya ce na rame. Muka yi ta hamdala. Amma likita ya ja Hajiya Talatu gefe ya ce jinin ya riga ya taɓa tsakiyar ganin a kwanakin da aka ƙara, zai ga hanya, zai gane mutane, ƙananan abubuwa kuwa sai dai haƙuri. Da muka dawo Rano ya sa aka kawo masa alƙalami da takarda. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya karkata kai. Ya daɗe a haka, sannan ya ajiye alƙalamin a hankali ya ce a mayar da tawadar kada ta bushe. Bai sake rubuta ko harafi ba.

Sai da 'yan barka da zuwa suka ɗauke ƙafa Sule ya zo. Ya shiga ɗakin Malam, aka aiko in zo. Na tarar da shi zaune da wayar a hannu, fuskarsa babu alamar wasan da muka saba. Ba na ganin laifinsa, ku ma kada ku gani. Shi ya karɓi kuɗin mutane da hannunsa, shi ake tsarewa a kasuwa ana tambaya. Ya riƙa karanto abin da aka cira rana bayan rana, Malam yana girgiza kai yana cewa a'a, ba haka na cira ba, kaza na cira.

"Yaya, kai da ba ka gani, wa ke danna adadin?"

"Ita ce."

"To. Kuma ka san ba cikar ɗaki ce ta sa aka ɗaga aikinka ba? Kuɗi ne bai kai ba. Ka aika Fammar ka tambaya a hannun wa gonar bakin rafi take yanzu. Da bakinta ta ce min in tanadi jakuna goma. Da an yi aikin nan a kan lokaci, Yaya, da yanzu kana rubutunka."

Malam ya juyo da idon nan guda ɗaya da ya rage yana nema na, sai da ya karkata kai ya same ni.

"Hajara, haka ne?"

Amsar tana kan harshena, ba ta fi numfashi ɗaya ba. In ce injin ne, Malam, duk zuwan da muka yi sai ya yanka. Sule ɗan kasuwa ne, da ya je banki an tabbatar masa, da na fita fes. Amma sai in ɗora wa mutumin nan cewa da hannunsa, da abin da ya fi alfahari da shi, ya rufe wa kansa rubutu har abada, bayan matarsa ta ba shi shawara ya ƙi. Na dube shi, ya tsufa a wata uku, hannunsa na kan gwiwa, yatsun da suka saba riƙe alƙalami suna motsi su kaɗai.

Na ce, "Haka ne, Malam."

Ya sunkuyar da kai. Ni dai jira nake in ji saki, har na fara tunanin wa zai riƙa ɗiga masa magani. Da ya ɗago sai ya fuskanci ƙaninsa.

"Mace ce da ba ta taɓa fita ba, ta ga abin duniya. Kuɗin jama'a kuwa ta biya su da gonar ubanta. Ido kuma nawa ne, ba na kowa ba. Sule, kada in sake jin maganar nan a bakin wani." Sannan ya juyo gare ni. "Na yafe miki, duniya da lahira."

Na durƙusa na ce na gode.

Maganar ba ta mutu ba, kun sani, tunda har ta iso kunnenku. A gidan biki an sha yin shiru idan na shigo. Wata ma ta taɓa kama kunnena tana duba ɗan kunnen da na sa, wai ko na Masar ne. Duk wannan bai dame ni kamar abu ɗaya ba: tsoron kada wata rana wani ya yi bayanin yankan kati a gaban Malam. Mutane suka yawaita fita waje, kowa ya dawo da ƙorafin banki a bakinsa. Na zama mai kasa kunne a bayan zaure kamar marar tarbiyya. Akwai ranar da wani alhaji da ya dawo Umara ya fara ba da labarin yadda inji ya riƙa cin kuɗinsa duk cirar da ya yi, ban san lokacin da na saki tiren shayi a ƙofar zauren ba, kofuna suka tarwatse, hira ta koma kan ko na ƙone. Idan rediyo ya ɗauko zancen banki sai in ce batir ya yi sanyi. Malam mutum ne mai kaifin lissafi, jimla biyu ta ishe shi ya haɗa komai. Shekara da shekaru ina tsaye tsakaninsa da jimla biyun nan.

A ciwonsa na ƙarshe, da ya ji jiki ya yi nauyi, ya sa aka fitar da kowa, har ku. Ya nemi in yafe masa abin da ya yi min a zaman aure, na ce babu komai sai alheri. Ya laluba ya kama hannuna.

"Abin Masar ɗin nan," ya ce, "na san yana damun ki har yanzu, ina jin yadda kike firgita idan an ambata. Na sake yafe miki. Kada ki riƙe shi a ranki."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam."

Ya saki ajiyar zuciya, fuskarsa ta kwanta, kamar wanda ya sauke wani nauyi da ya daɗe yana ɗauke min. Bayan la'asar ya cika. Mata suka cika gidan da kuka, ni ma ina yi, amma a can ƙasan kukan na ji wani abu ya kwance a ƙirjina, har na ji kunyar kaina. Tun daga dakalin asibitin nan, ranar ce ta farko da ban ji tsoro ba.